A daina karya jirgin yara, a ɗaura masa igiya

Shekara takwas ke nan da na karya wa wani yaro jirginsa, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Lokacin ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, aka ba ni ajin ƙarshe na firamare, wanda muke kira CM2, a wata makaranta nan yankin Pitowa. Ina gaban allo ina bayanin yadda ake auna kewayen da'ira, sai na ji dariya ƙasa-ƙasa a bencin baya. Da na isa wurin na tarar wani yaro ya ɓoye abu cikin riga. Jirgin sama ne na karan dawa. Ya fere ɓargon karan ya yi gangar jiki, ya tsaga ɓawon ya yi haƙarƙarin fukafukai, ya liƙa musu takardar buhun siminti, ya yanko murfin gwangwanin madara ya yi farfela, tayoyin kuma daga tsohon silifa. Na ɗaga shi sama don kowa ya gani, na karya shi biyu a gwiwata, na ce masa nan wurin karatu ne, ba wurin shiririta ba. Bai yi kuka ba. Ya tattara guntayen ya zuba a jaka. A shekarar bai ci jarrabawa ba, shekara ta gaba kuma bai dawo ba.

Bara babur ɗina ya mace mini a hanyar Garwa, ranar Lahadi, ana ta hada-hadar kasuwar Pitowa. Na tura shi zuwa rumfar wasu makanikai. Wani saurayi ya saurari ƙarar injin sau ɗaya, ya kwance, ya busa, ya ɗaure, babur ya tashi. Na miƙa masa kuɗi sai ya yi murmushi ya ce: "Haba Malam, ba ka gane ni ba? Ni ne mai jirgi." Ya ƙi karɓar ko dala. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba na cewa gyaran babur ƙasƙanci ne. Sana'a ce, kuma yana cin halal ɗinsa. Abin da ke damuna shi ne, darasin da nake ta fama da shi a allo ranar nan, yana cikin hannun yaron, ni kuma ban gani ba. Wannan ya sa nake so yau in yi wa iyaye da 'yan'uwana malamai magana a kan wani wasa da a wasu ƙasashe ya kai matsayin gasar duniya, mu kuma muna dukan yara a kan ɗanɗanonsa. Ina nufin jirgin igiya.

Bari in faɗi yadda yake, don na san da yawa ba su taɓa gani ba. Ƙaramin jirgi ne, fukafukansa kamar kamu ɗaya ko biyu, da ɗan inji da farfela a gaba. Daga fiffikensa na hagu igiyoyi biyu sirara suke fitowa, su tafi har hannun matuƙi, wanda ke tsaye a ƙasa riƙe da mariƙi. A cikin jirgin igiyoyin suna ɗaure da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a kan ƙusa, shi kuma an haɗa shi da wata doguwar waya zuwa leɓen wutsiya. In matuƙi ya karkata hannunsa sama, igiya ɗaya ta ja, leɓen wutsiya ya ɗaga, jirgi ya hau. In ya karkata ƙasa, jirgi ya sauko. Shi ke nan. Jirgin yana zagaya matuƙi, matuƙi yana juyawa da shi a tsakiyar da'ira. Babu rediyo, babu kyamara, kuma ba inda za shi da ya wuce tsawon igiyarsa.

Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker ne ya yaɗa wannan salo wajen shekarar 1940. Daga baya kamfanin Cox ya cika kasuwannin Amurka da wani ɗan inji da bai kai cc 1 ba. Ku kwatanta da babur ɗin ɗan acaɓa mai cc 125 ko 150. Ɗan injin nan bai fi babban yatsa ba sosai, amma fistin gare shi kamar na babur, kuma yana shan haɗin da akwai man zurma a ciki, zurmar nan da ke fitowa a bayan gidajenmu muna sarewa.

Hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a Faris a 1905, yanzu kuma hedkwatarta na Lozan a Suwizalan, ita ke tsara gasarsa. Akwai rukunin gudu, inda jirgi mai injin cc 2.5 ke zagaye tara a kan igiya mai tsawon mita 17.69. Zagaye taran nan kilomita ɗaya ne cif, kuma gwanaye suna cinye shi cikin daƙiƙa 12 ko kusa da haka, wato gudun kilomita 300 a awa. Akwai rukunin gwaninta, inda jirgi ke wulƙitawa, ya tafi a kife, ya zana siffofi a sama. Akwai tseren tawaga, matuƙa uku a da'ira ɗaya, kowa da makanikensa da ke jiran ya cafke jirgi ya zuba mai ya sake tayar da shi. Akwai na faɗa, inda jirage biyu ke jan doguwar wutsiyar takarda, kowa na neman ya yanke ta abokin karawarsa da farfela. Sai kuma wanda ya fi burge ni, rukunin kwaikwayo. A nan mutum zai zaɓi wani jirgi na gaskiya, ya ƙera ƙaraminsa daidai da awonsa, alƙalai su ajiye shi su gwada shi da hotuna da zanen na ainihin su ba da maki, sannan ya tayar da shi su ga ko yana tafiya irin ta babbansa.

To, yanzu ku dubi abin da ke cikin littafin lissafin CM2. Akwai kewayen da'ira. Akwai matsakaicin gudu. Akwai sikeli, wato rage awon babban abu zuwa ƙarami. Waɗannan ukun su ne ke kayar da yaranmu a jarrabawar CEP da ta shiga sakandare, duk malamin da ya taɓa gyaran takardu ya sani. Yaron da har yanzu yake kokawa da Faransanci, a gida Hausa, a kasuwa Fulatanci, ka zo ka ce masa wata mota ta tashi daga wani gari da bai taɓa zuwa ba a kan gudu kaza, ai sai ya zuba maka ido. Amma ka ba shi igiya mai mita 10 ka ce ya gano nisan da jirginsa ke ci a zagaye ɗaya. Zai ninka 10 sau 2, ya ninka da 3.14, ya samu mita 62.8. Abokinsa ya riƙe agogon waya ya ga zagaye ɗaya daƙiƙa 4 ne. Su raba, su samu mita 15.7 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 56 a awa. Nan take za ka ji musu ya kaure a kan ko jirgin ya fi babur ɗin wane gudu. Haka sikeli: jirgin da faɗin fukafukansa mita 10 ne, in za a rage shi kashi 1 cikin 20, santimita nawa za a yanka? Wanda ya ce 50 jirginsa zai yi kama da jirgi. Wanda ya yi kuskure, ba sai malam ya ɗauki bulala ba, jirgin da kansa zai gaya masa.

Ba da ka nake wannan magana ba. Bayan haɗuwata da mai jirgi, na tara yara goma sha biyu na ajina, maza takwas mata huɗu, ranar Laraba da yamma da ba a karatu. Ba mu da inji, ba mu da kuɗinsa. Muka fara da irin wanda ake wulwulawa da sanda: a ɗaura igiyoyin ta kan doguwar gora, matuƙi ya riƙa juyawa yana jan jirgin, iska ta ɗauke shi. Turawa da katakon balsa suke ƙera nasu, wani icce marar nauyi da akasari daga Ekwado ake kawo shi. Mu muka yi da ɓargon tukurwa da karan dawa, da farin soson nan da ake naɗo firji da talabijin a ciki. Igiya muka saya wurin masu sayar da kayan su na Binuwai. Wayar wutsiya daga tsohuwar ƙafar keke.

Na farko ya daki ƙasa da hanci. Na biyu ya miƙe sama ya faɗo ta baya. Sai a na uku muka gane cewa nauyin jirgi yana da wurin zama: in ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, ya kamata ya daidaita kusan rubu'in faɗin fiffike daga gaba. Na huɗu ya riƙa shigowa cikin da'ira yana nufo matuƙi, igiya ta saki, kowa ya watse da gudu. Wata yarinya, 'yar mai sayar da goro, ita ta ce a liƙa ɗan ƙarfe a ƙarshen fiffiken waje don ya rinjayi nauyin igiya. Daga baya na karanta na ga abin da gwanayen wasan ke yi ke nan, har da karkata wutsiyar tsaye zuwa waje. Na biyar ya yi zagaye shida kafin matuƙin ya ji jiri ya zauna daɓas. Ihun da yaran nan suka yi, ban taɓa jin irinsa a kan wani darasi nawa ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini, kuma wasu maganganun suna da nauyi.

Na farko tsaro. Wannan ba abin wasa ba ne a yankinmu. Garwa gari ne mai filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa da sansanin sojan sama. A watan Oktoba na 2015 Amurka ta sanar da turo sojoji kusan 300 nan Kamaru da jirage marasa matuƙa don sa ido kan Boko Haram, kuma a Garwa suka zauna. Kowa ya ji labarin yadda 'yan bindiga a yankin tafkin Cadi ke amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa da ake saya a kasuwa. Don haka uban da ya ji ɗansa na harka da wani abu mai tashi sama ya tsorata, yana da gaskiya, musamman mu da ba mu da yawa kuma ba ma son abin da zai jawo mana tambaya. Amma wannan tsoron shi ne ma babbar hujjata. Jirgin igiya a ɗaure yake kamar akuya a turke. Ba ya ɗaukar hoto, ba ya tsallake katanga, ba ya wuce tsayin bishiyar darbejiya da yawa. Ranar da muke gwaji wani jami'in tsaro ya tsaya da babur ya tambaye mu abin da muke yi. Na nuna masa igiya da mariƙi. Ya juya jirgin, ya leƙa cikinsa, ya ce mu dai riƙa sanar da hukuma tukuna. Gaskiyarsa. Rigakafi ya fi magani: a rubuta wa shugaban makaranta, a sanar da mai unguwa da jandarmomi, a yi abu a fili da rana tsaka, nesa da filin jirgi da duk wani wurin soja.

Na biyu haɗari, kuma a nan ba zan ɓoye komai ba. Farfelar ƙaramin inji tana yanka yatsa kamar reza. Gwanaye da igiyar ƙarfe suke tuƙi, kuma igiyar ƙarfe in ta kusanci wayar lantarki kisa take yi. Saboda haka ƙa'idar ba ta da sassauci: ba a tashi kusa da turakun lantarki, ba a tashi in hadari ya haɗu, 'yan kallo su tsaya bayan layin da aka shata, a ja igiya a gwada ƙarfinta kafin kowane tashi, mariƙi kuma a ɗaure shi a wuyan hannu. Yaran firamare su tsaya a kan zaren roba da jirgi marar inji. Wanda ya san yaranmu na wanka a Binuwai da damina, suna ɗane bayan manyan motocin auduga, ya san wasan da babba ke tsaye a kansa ya fi wanda ake yi a ɓoye aminci.

Na uku kuɗi. Ƙaramin injin mai sai an yi odarsa daga waje, man da yake sha ma ba a samunsa a gidan mai. Wannan gaskiya ne, kuma ba na roƙon kowane uba ya saya. Matakin farko bai wuce kara da zare da gam ba. Mataki na biyu shi ne ƙaramar motar lantarki da batir, wanda yanzu har a gasar gwaninta ta duniya an yarda da shi, kuma masu gyaran waya da rediyo a kasuwar Garwa sun fi ni sanin inda ake samun irinsu. Inji ɗaya tak ya ishi makaranta guda, yara su riƙa karɓa-karɓa. Ƙungiyar iyayen yara da ke iya sayen rigunan fareti duk shekara ba za ta gaza wannan ba.

Na huɗu shi ne wanda wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin yaran, ya same ni da shi har gida. Bayan mun gaisa ya ce: "Malam, yaron nan da safe yana boko, da yamma yana allo, Lahadi yana taya ni kasuwa. Wannan abin naka abinci zai ba shi?" Na ce: "Baba, ba zan yi maka alƙawarin zai zama matuƙin jirgi ba. Abin da na gani shi ne, da ba ya iya rabawa, yanzu yana yi, kuma shi da kansa yake tambayata ƙarin aiki. Awa biyu nake roƙo a mako, ranar Laraba, kuma in lokacin makarantar allo ya yi zan sallame shi." Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada zuwa hutu.

Tambayarsa ita ce ta gaskiya, don haka bari in ƙara amsa ta a nan. Cikin yara ɗari da za su ƙera jirgin kara, wataƙila ko ɗaya ba zai tuƙa na gaskiya ba. Amma duk za su koyi auna abu kafin su yanka, su koyi karanta zane, su koyi cewa in abu ya faɗi akwai dalili kuma ana iya gano shi. Wannan shi ne jarin kafinta da magini da mai walda da makanike da injiniya. Kuma ƙofofin ba su da nisa kamar yadda muke zato. Garwa ta samu jami'arta a 2022. A Yamai akwai makarantar ASECNA da ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da masu gyaran na'urori, kuma Kamaru mamba ce a wannan hukuma. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi da gyaransa tun 1964. Duk waɗannan da lissafi da kimiyya ake shiga, kuma yaron da ya tsani lissafi a CM2 ya riga ya rufe wa kansa su tun bai san da su ba. Kullum muna kukan cewa 'ya'yanmu ba sa cikin ma'aikatu, sai kasuwa da acaɓa. Kukan yana da tushe, amma wani ɓangaren laifin a cikin aji yake, a hannun irina.

Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba 1903, masu gyaran keke ne. A 1878 mahaifinsu ya kawo musu wani ɗan abin wasa na takarda da gora da roba mai tashi sama. Suka yi wasa da shi har ya karye, suka ƙera nasu. A nan kusa da mu, a 2007 kafofin labarai na duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa. A Kamaru ma an san William Elong da kamfaninsa na jirage marasa matuƙa. Ƙwaƙwalwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Ku zaga unguwannin Garwa da Pitowa bayan girbi ku ga motocin kara da na waya da na langa-langa, har da sitiyari da tayoyi masu juyawa. Bambancin kawai, wancan uban ya kawo wa 'ya'yansa abin wasa, ni kuma na karya na ɗan wani.

Ga abin da nake nema, kuma ba shi da yawa. Shugabannin makarantu su ba malamin da ke so izinin buɗe ƙungiyar ƙere-ƙere ranar Laraba, mata da maza. Masu shirya bikin matasa na 11 ga Fabrairu, wanda duk shekara muke kwashe makonni muna koya wa yara fareti dominsa, su ware fili ɗaya da awa ɗaya don gasar jirgin igiya tsakanin makarantu. A ba da maki uku: kamannin jirgi da na gaskiyar da aka kwaikwaya, yawan zagayen da ya yi, da takardar lissafin da yaran suka rubuta da hannunsu. Alƙalai kuma a ɗauko malamin lissafi ɗaya, kafinta ɗaya, makanike ɗaya. Attajiranmu da ke sayen kofin ƙwallo, Allah ya saka musu, su ƙara da inji ɗaya ko batir ɗaya. Iyaye kuma, in kun ga yaro na fere kara, kafin ku ce ya tashi ya bar shiririta, ku tambaye shi santimita nawa ne fiffiken. In bai sani ba, ku ba shi abin awo.

Ni dai na riga na samu makanike na farko. Na koma rumfar nan na nemi gafararsa a gaban abokan aikinsa, ya ce ba komai, ya wuce. Na roƙe shi ya zo ya duba mana yadda za mu ɗora motar lantarki a jirgi na shida. Ya ce Laraba yana da aiki, amma in la'asar ta yi zai rufe ya zo, kuma kada mu sake mu liƙa komai kafin ya iso.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu gane baiwar da ya ba su tun tana hannunmu.